Nono Na Uwa Ne, Amma Shawarar Ba Tata Ba Ce: Tarihin Shayarwa Daga Alakoss

A shekarar 1998 aka gudanar da babban binciken lafiyar iyali a faɗin Nijar, irin wanda ake bi gida-gida ana yi wa mata tambayoyi. A cikin sakamakon akwai alƙaluma biyu da na daɗe ina juya su a raina, domin in ka jera su sai ka ɗauka ɗaya na ƙaryata ɗaya. Na farko ya nuna kusan babu jaririn da ba a ba shi nonon uwa a ƙasar nan, kuma rabin yaranmu sai sun haura wata 20 ake yaye su. Na biyu ya nuna cewa a cikin jarirai ƴan watannin farko, masu shan nono zalla, ba ruwa ba jiƙo ba kunu, ba su wuce kashi 1 cikin 100 ba. Ke nan ƙasar da ta fi yawancin ƙasashen duniya riƙo da shayarwa, ita ce kuma a lokacin can a ƙarshen layi wajen irin shayarwar da likitoci suka ce tana ceton rai.

Ina so mu duba yadda aka yi haka ta kasance, kuma zan tsaya ne a Alakoss, yankin da na sani tun shekarun da na yi ina koyarwa a ƙasar Gure. Ga wanda bai san wurin ba: Alakoss ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Gure ta jihar Damagaram, hedikwatarta Garazu. Tana tsakanin Damargu daga yamma da duwatsun Kutus daga gabas, a daidai inda noman gero ke ƙarewa kiwo ya karɓe ƙasa. Mazaunanta na asali Dagira ne, reshen Barebari, suna zaune da Hausawa da Buzaye da Fulani. Damina gajeriya ce, rijiyoyi masu zurfi, kuma a watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40. Ku riƙe maganar rijiya da zafi, za mu dawo kanta.

Tarihin wannan yanki da ake koyarwa a aji na sarakuna ne da ayari: ikon Barno, sarautar Muniyo a Gure, Damagaram da Faransawa suka ci a 1899 suka kuma mai da ita babban birnin ƙasa daga 1911 zuwa 1926. Tarihin goyo kuwa a bakin tsofaffin mata yake. A ƙasar Hausa an taɓa yin sa'a wata ta zauna ta rubuta irin wannan bakin tun daga farko har ƙarshe. A 1949 da 1950 wata Baturiyar Ingila, Mary Smith, ta riƙa zama da wata tsohuwa a Giwa ta ƙasar Zazzau tana rubuta labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo. Zazzau da Alakoss akwai tafiya, harshen gida ma ba ɗaya ba ne, amma duk wadda ta yi jego a Alakoss in aka karanta mata yadda Baba ta bayyana haihuwa da wanka da yaye, za ta gane gidansu a ciki.

Ga yadda tsarin yake. Yarinya ta yi aure da ƙuruciya, in ciki ya tsufa a mai da ita gidan iyayenta ta haihu a can. Da jariri ya faɗo, ba hannun uwarsa yake fara zuwa ba. Ungozoma ce ke yanke cibiya, kaka ce ke karɓa ta yi masa wanka. In ɗan fari ne kuwa ga kunya: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wata ma sai an matsa mata take ɗaukarsa ta ba shi mama in da manya a ɗakin. To wadda al'ada ta hana ta ko kallon ɗanta da fara'a, ta yaya za ta buɗe baki ta ce wa uwar mijinta kada a ba shi kaza? Duk abin da zai shiga bakin yaron nan a kwanaki ukun farko, wasu ne suke yanke shi.

Kuma abin da suke yankewa sananne ne. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin ɗorawa, ana ganinsa gurɓatacce, ya daɗe kwance a jiki, sai a tatse a zubar. Kafin farin nono ya kawo, a riƙe jariri da ruwan ɗumi, ko ruwan sukari, ko nonon akuya, ga rubutu, ga ɗan dabino ko zuma a dasashi. A wasu gidaje har gwada nonon ake yi: a tatsa a ƙoƙo a jefa tururuwa, in ta fita da ranta nono lafiya lau, in ta mutu a ce nonon ba shi da kyau, a hana yaro sai an yi wa uwar magani. Bayan suna sai a shiga ba shi dauri, wanda wasu ke kira bauri, jiƙon sassaƙe da saiwoyi da ake cewa yana ƙarfafa ciki yana kawar da wahalar haƙori.

Ban ga dalilin yi wa tsofaffin nan dariya ba. Matar da ta binne ƴaƴa uku cikin bakwai ba wasa take yi ba in ta tsaya tana bincikar nono. Neman sanadin mutuwar take yi, kuma ta neme shi a inda idonta ke iya gani. Binciken 1992 ya nuna cewa a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Nijar, 318 ba sa kai shekara biyar. Kusan ɗaya cikin uku ke nan. A irin wannan hali kowace kaka likita ce dole, kuma kowace dabara da aka gada tana da nauyin rai a kanta. Sai dai abin baƙin ciki, abin da suke zubarwa shi ne maganin. Dakashi cike yake da sinadaran garkuwar jiki da bitamin A, yana shafe hanjin jariri ya tare ƙwayoyin cuta, kuma ƙanƙantarsa daidai take da cikin jaririn kwana ɗaya, wanda bai wuce cin ƙaramin cokali ɗaya ko biyu ba a lokaci guda. Wani bincike da aka yi a yankin Kintampo na ƙasar Gana, aka wallafa a 2006, ya ƙiyasta cewa da za a sa kowane jariri a mama cikin awa ɗaya da haihuwarsa, da an kauce wa kashi 22 cikin 100 na mace-macen watan farko. A Nijar kuwa, har a binciken 2012 kusan rabin jarirai ana ba su wani abu kafin a fara ba su nono.

Bari in ɗan ratse kan kanwa, tunda daga maƙwabtanmu take fitowa. Tafkunan Muniyo da Manga, kudu da gabashin Gure, sun yi ɗaruruwan shekaru suna fitar da kanwa da gishiri, fatake na kai su Kano da Zazzau har gaba. Wannan kanwar ce ake dama wa mai jego kunu da ita don nono ya kawo, a haɗa mata da wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har ta yi arba'in ko fiye, wasu wuraren har da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, suka lura masu jego da yawa na zuwa da kumburin jiki da ciwon zuciya, musamman a lokacin zafi, suka danganta abin da yawan gishirin kanwa da zafin wankan. Niyyar al'adar ita ce a gyara uwa a wadata ɗa da nono. Wani lokacin uwar ce ke biyan kuɗin da zuciyarta.

Yanzu ruwa. A ganina nan ne gizo ke saƙar. Duk wanda ya taɓa wuni a Alakoss a watan Mayu ya san dalilin da ya sa maganar "kada a ba jariri ruwa har wata shida" ke shiga kunnen kaka kamar zagi. A al'adarmu ruwa ake fara miƙa wa baƙo kafin gaisuwa ta yi nisa, jariri kuwa baƙo ne. Hana shi ruwa a wannan zafin, a wurinta, rashin imani ne. Na sha ganin tsohuwa ta ɗebo ruwa a tafin hannu tana ɗura wa jinjiri, fuskarta cike da tausayi. Amsar da masana suka bayar ita ce nonon uwa kansa kimanin kashi 87 cikin 100 ruwa ne, kuma an gwada an gani: a Jamaika, a Indiya, har cikin Larabawan ƙauye na hamadar Sina'i, an auna fitsarin jarirai masu shan nono zalla a tsananin zafi, aka tarar ba su da ƙarancin ruwa a jiki. Illar ruwan kuwa biyu ce. Yana cika ɗan cikin yaro ya rage tsotso, in tsotso ya ragu nono ya ragu, domin jikin uwa gwargwadon abin da aka tsotsa yake ƙerawa. Sannan ruwan rijiyar da dabbobi ke kewaye da ita, ko na tafkin damina, shi ke kawo zawo.

Amma ba tausayi kaɗai ke sa a ba da ruwan ba, har da aiki. Matar karkara a wannan yanki ita ce ɗiban ruwa, ita ce itace, ita ce sussuka da surfe da daka, da damina kuma ga gonar gandu ga ɗan abin da ta shuka na kanta. In rijiya na da nisa, ko layi ya yi tsawo ana jiran dabba ta ja guga, awa uku ko huɗu sun tafi. In ta goya yaron ta tafi da shi, ya sha mama a hanya. In ta bar shi gida wurin kaka ko wata yarinya ƴar shekara bakwai, me za a yi in ya tsananta kuka? Abin da ke cikin randa za a ba shi. Ga kuma cin rani: da an gama girbi samari da magidanta sun kama hanyar Najeriya ko Libiya, aikin da suka bari kuwa ba ya jiran dawowarsu. Wannan ya sa nake cewa famfon burtsatse ɗaya a tsakiyar gari zai iya ƙara yawan masu shayar da nono zalla fiye da taron faɗakarwa goma.

Addini fa? Mutane da yawa suna cakuɗa shi da al'ada a nan, alhali in aka bi a hankali sun rabu a wurare masu muhimmanci. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta sa cikar shayarwa shekara biyu, ta kuma ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a wuyan uban yaro. Rabin farkon kowa ya haddace shi, rabin na biyu ne ba a cika jin sa a majalisar maza ba. Fiƙihun Malikiyya da almajiranmu ke karantawa a Risala ya ɗauki nono da girman da har yake ƙulla ƴan'uwantaka ya haramta aure, kuma kowa ya san Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da Manzon Allah (SAW). Babu inda aka ce a zubar da dakashi.

Inda rabuwar ta fi fitowa fili shi ne batun kwanika, ko rurrutsa kamar yadda wasu ke cewa, wato mace ta yi ciki tana goyo. A al'ada wannan abin kunya ne, kuma hukuncinsa ɗaya: ranar da aka gane, ranar za a yaye yaro, ko watansa nawa, wai nonon ciki guba ne. Yayen kuma na dare ɗaya ne. A shafa wa mama maɗaci ko barkono, a yi rubutun yaye, a ɗauki yaro a kai shi wurin kaka, wani lokacin a wani gari. Yaron da jiya yake da nono da bayan uwarsa, yau ba shi da ko ɗaya, sai fura da tuwon manya. Alhali akwai hadisi a Muwaɗɗa ta Imam Malik da Sahihu Muslim, ta hanyar Judama ƴar Wahbu, da ke nuna Annabi (SAW) ya yi niyyar hana abin da Larabawa ke kira gila, sai ya lura Rumawa da Farisawa na yi kuma bai cutar da ƴaƴansu ba, ya fasa hanawa. Imam Malik ya fassara gila da kusantar mace mai shayarwa, wasu malaman lugga kuma suka ce shayarwa ce da ciki. Likitocin yau ma abin da suka ce ke nan: in cikin lafiyayye ne, nonon ba ya zama guba, sai dai yakan ragu, kuma uwar na buƙatar ƙarin abinci.

Abin da yayen gaggawa ke haifarwa, a wata ƙasar Afirka ta Yamma aka fara rubuta shi a littattafan likitanci. Cicely Williams, likita haifaffiyar Jamaika, tana aiki a Akra ta ƙasar Gana tun ana kiranta Gwalkwas, ta riƙa ganin yara masu kumburin ƙafa da jan gashi da saɓar fata. Ta bayyana ciwon a 1933, a 1935 kuma ta sa masa sunan da ta ji a bakin mutanen Ga, kwashiyoko, ma'ana ciwon da ke kama yaro in an yi masa ƙane an ture shi daga mama. Mu tamowa muke cewa. Sunan da duniya ta san ciwon da shi ke nan har yau, kuma fassararsa ɗan kwanika ce kawai.

A nan akwai wani canji na tarihi da ba a cika lura da shi ba. A zamanin da Baba ta ba da labari, mace mai goyo takan nisanci shimfiɗar miji har ta yaye, kusan shekara biyu, kuma dattawan mata na tsaye a kan haka. Binciken lafiyar iyali na shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa a Nijar wannan nisantar ta dawo kimanin wata biyu, wato da an yi arba'in da ƴan kwanaki shi ke nan. Me ya rage yana raba haihuwa da haihuwa? Nonon kansa. Tsotson jariri na sa jikin uwa ya fitar da sinadarin furolaktin, wanda ke jinkirta dawowar haila, shi ya sa matan Nijar kan yi fiye da shekara bayan haihuwa ba su ga al'adarsu ba. Masana da suka taru a Bellagio ta Italiya a 1988 sun amince cewa a wata shidan farko, in nono zalla ake bayarwa dare da rana kuma haila ba ta dawo ba, kariyar daga ɗaukar ciki ta kai kashi 98 cikin 100. Ku duba yadda zaren ya ƙullu: a ba jariri ruwa da kunu da wuri, tsotso ya ragu, haila ta dawo da wuri, ciki ya shiga, a yaye yaro a dare ɗaya, tamowa ta same shi. Tafin ruwan da kaka ta ɗura don tausayi yana da hannu a yayen da za a yi bayan wata tara ko goma. A binciken 2012 macen Nijar na haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, a jihar Damagaram ma ya haura 8.

Ita Cicely Williams ɗin ce kuma ta buɗe wani yaƙin daban. Da aka mai da ita Singafo ta tarar kamfanoni na tura mata sanye da kayan nas gida-gida suna tallar madarar gwangwani, jarirai na mutuwa. A 1939 ta yi wani jawabi mai zafi da ta kira Madara da Kisan Kai. Garin abincin jarirai na Henri Nestlé tun 1867 yake kasuwa, amma sai bayan yaƙin duniya na biyu tallarsa da ta ire-irensa ta mamaye biranen ƙasashe matalauta. A 1974 ƙungiyar War on Want ta Ingila ta fitar da rahoton da ya tayar da ƙura, a 1977 aka fara ƙaurace wa kayan Nestlé a Amurka, a 1981 kuma babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙa'idar taƙaita tallar madarar jarirai, ƙasashe 118 suka goyi baya, Amurka kaɗai ta ƙi. Daga nan aka samu sanarwar Innocenti a 1990, shirin asibitoci masu ƙaunar jarirai a 1991, da makon shayarwa na duniya da ake yi daga 1 zuwa 7 ga Agusta tun 1992.

Yaƙi ne mai kyau, amma ba a Alakoss filinsa yake ba. Matar da ke auna gero da tiya ba ta taɓa barin mama don gwangwani ba, ba ta da kuɗinsa, balle bayan karyewar darajar sefa a Janairun 1994 da ta ninka farashin kayan waje. Shekara da shekaru saƙon da ke sauka daga rediyo shi ne "ku shayar da ƴaƴanku", ana faɗa wa matan da ba su taɓa dainawa ba. Sai a 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da wata shida cif na nono zalla. Sai kuma a ƙarshen 2019 aka ƙaddamar da gangami na musamman a Abijan don Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, wanda ya kama sunan matsalar kai tsaye, wato ruwa. Shekara 38 ke nan tsakanin ƙa'idar gwangwani da ranar da aka juyo gadan-gadan kan randa.

Sai yunwa. Wannan yanki ya ga Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914, ya ga farin 1973 da 1974, ya ga na 1984 da mutanenmu ke kira El Buhari. Jikin mace abin mamaki ne: ko ba ta ƙoshi ba yana ci gaba da yin nono, daga tsokarta da kitsenta yake ɗiba, sai yunwa ta yi tsanani ƙwarai yake gazawa. Mai shayarwa na buƙatar ƙarin kimanin kalori 500 a rana, amma a gidaje da yawa ita ce ta ƙarshe a kwano, kuma mabuɗin rumbu ba a hannunta yake ba. In ta ji jiri ta ce nonona ba ya isarsa, ba ƙarya take yi ba game da abin da take ji a jikinta, ko da nonon yana nan. Maganin a ciyar da ita ne. Abin da aka saba yi shi ne a ɗura wa jaririn kunu.

Shekarar 2005 ce ta sauya abubuwa da yawa. Bayan ƙarancin ruwa da farin dango na 2004, hatsi ya yi tsadar da ba a saba gani ba, hotunan yaran Maraɗi da Damagaram suka cika talabijin na duniya, Shugaba Tandja Mamadou kuma ya ce babu yunwa a ƙasar. Ƙungiyar likitocin na-gari-na-kowa, MSF, ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a shekarar, galibi da Plumpy'nut, haɗin gyaɗa da madara da aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, wanda mata suka raɗa wa suna biskit. Da ƙura ta lafa aka shiga neman mai laifi, kuma ba a sha wahala ba aka same ta: uwa jahila, mai bin al'ada, wadda ba ta iya ciyar da ɗanta ba. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, wadda ta daɗe tana bincike a Maraɗi, ta yi rubutu tana sukar wannan ɗora laifi, tana nuna cewa an manta da wanda ke riƙe da gona da rumbu da kuɗin zuwa likita. Ina tare da ita ɗari bisa ɗari.

Hujjata ita ce abin da ya biyo baya. Tun 2001 aka fara gina ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauye, kaz da sante, a ƙarƙashin shiri na musamman na shugaban ƙasa, har suka kai wajen 2,000. A 2006 aka ayyana awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Aka horar da ƴan sa-kai a garuruwa suna shiga gida-gida. A wajajen 2007 kuma, a nan jihar Damagaram, asusun UNFPA da hukumomin lafiya suka fara makarantun mazaje, inda magidanta ke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a likita da abincin mai jego, dabarar da daga baya wasu ƙasashe suka ara. Mace-macen yara ƴan ƙasa da shekara biyar suka sauko daga 274 cikin 1,000 a binciken 1998 zuwa 198 a 2006, zuwa 127 a 2012. Nono zalla ya tashi daga kashi 1 zuwa kusan 14 a 2006, zuwa 23 a 2012. Matan ba sauya su aka yi ba, su ne dai na jiya. Abin da ya sauya shi ne likita ta matso kusa, kuɗin kati ya faɗi, an samu wata murya a ɗakin haihuwa ban da ta kaka, kuma an fara yi wa mai gida magana. Duk da haka tafiyar ta yi sanyi tun daga nan, burin duniya na kashi 50 cikin 100 zuwa 2025 ya yi mana nisa, kuma binciken abinci na shekara-shekara ya sha nuna cewa a Damagaram da Maraɗi fiye da rabin ƙananan yara sun tsumbure.

Malamai ƴan'uwana, wannan tsumburewar a ajinmu take ƙarewa. Ƙwaƙwalwar yaro ta fi ginuwa daga shigar ciki zuwa cikarsa shekara biyu, tun kafin ya san hanyar lakwal. Na sha jin ana cewa namijin da ya daɗe yana shan mama ba zai yi kaifin kai a karatu ba, har wasu gidaje kan yaye shi kafin lokaci saboda haka. A garin Pelotas na ƙasar Burazil an bi sawun dubban yaran da aka haifa a 1982 har suka kai shekara 30, aka wallafa sakamakon a 2015: waɗanda suka sha nono shekara ɗaya ko fiye sun ɗara waɗanda ba su kai wata ɗaya ba da kusan maki 4 a gwajin basira, kuma sun fi su zama a makaranta da kusan shekara guda. Sannan ku tuna ƴan matan da ke zaune gabanmu a aji biyar da aji shida. Binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar kan yi aure kafin shekara 18. Dokar da aka sa wa hannu a Disambar 2017 don kare karatun ƴaƴa mata ta zo ne saboda wannan. Wasu daga cikin ɗalibanmu shekara uku ko huɗu suka rage musu su yi jegon fari, kuma darasin kimiyya na firamare shi ne wuri na ƙarshe da za su ji bayanin dakashi kafin su ji na ungozoma. Yaran maza da ke gefensu kuwa su ne za su riƙe mabuɗin rumbu.

Ita kanta malamar da za ta koyar da darasin tana da nata lissafin. Dokar ƙwadago ta Nijar ta ba mace hutun haihuwa na mako 14, takwas daga ciki bayan ta sauka, da kuma awa ɗaya a kowace ranar aiki don shayarwa. Mako takwas bai cika wata biyu ba, likita kuwa wata shida ya ce. Malamar da aka tura wani ƙauye a Alakoss, nesa da danginta, ranar da hutun ya ƙare za ta shiga aji da ƙarfe takwas, jaririn yana hannun ƴar raino a inuwar bayan aji in shugaban makaranta mai fahimta ne, in kuwa ba haka ba yana can gida. Da misalin sha ɗaya rana ta take, yaro ya fara kuka, uwarsa na gaban allo da yara sittin, ƴar rainon kuma shekararta tara, ga randa a kusa da ita.